Injin mota ya gaji: kwalbar ƙari, wankin ciki, sabon ringi ko injin Belgium?

Mota ba ta nuna gajiya a rana ɗaya. Hawan da take cinyewa da giya ta huɗu, sai ka ga yanzu dole ka sauko ta uku. Ka kunna iyakwandishan, ta ja baya. Ka zo wuce tirela a hanyar Zariya, ka taka totur har ƙasa, inji ya yi ta ruri amma gudun bai ƙaru yadda ka saba ba. Bayan nan baƙin mai ya fara raguwa tun lokacin juye bai yi ba, wata safiya kuma ka tayar da ita ka ga shuɗin hayaƙi a madubi.

Daga nan shawara take yawa. Mai shagon baƙin mai zai miƙo maka kwalbar sinadarin da ake ƙara wa baƙin mai ya ce ka zuba, ƙarfin zai dawo. Bakanike zai ce a sauke inji a sa ringi, wato zoben ƙarfen da ke zagaye da fistin. Wani kuma zai ce kada ka wahalar da kanka, ka shiga kasuwar Ƙofar Ruwa ko ta Panteka ka ɗauko injin Belgium, wato wanda aka yi amfani da shi a ƙasar waje. Kowace daga cikin shawarwarin nan tana da motar da ta dace da ita. Abin da ke cinye kuɗin mutane shi ne ana zaɓar magani tun ba a san ciwon ba, ga shi kuma tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, injin da ke shan fetur fiye da kima ya zama nauyi na gaske a kan mai gida.

Ina ƙarfin yake tafiya?

Injin fetur yana buƙatar iska, fetur, wuta da matsi, duka a kan lokaci, sannan hayaƙi ya samu hanyar fita. A cikin waɗannan, matsi kaɗai ne baƙin mai ke da ɗan hannu a cikinsa. Saboda haka duk abin da ka zuba ta bakin murfin baƙin mai ba zai taɓa matatar iskar da ƙurar hunturu ta toshe ba, ba zai gyara fulogin da bakinsa ya cinye ba, ba zai tayar da koyil ɗin da ya mutu ba, ba zai ƙara wa famfon fetur ƙarfi ba. A motocinmu na nan kuwa, galibin raunin da ake kuka da shi daga waɗannan wuraren yake fitowa.

Akwai wasu da ba a cika tunawa da su ba. Sensar da ke auna iskar da ke shiga inji idan ta yi datti, kwamfutar mota takan ba da fetur ba daidai ba. Katalis ɗin da ke cikin salansa, wanda masu gareji ke kira indomi, idan ya narke ko ya toshe, mota za ta tashi lafiya ta yi silo lafiya, amma da ka taka sai ta shaƙe. Sarƙar taimin idan ta miƙe, bawul ba zai buɗe a kan lokaci ba. Wani lokaci ma injin lafiyarsa ƙalau: birki ne ke riƙewa, ko kuloci ke zamewa, ko taya ba iska.

Har wuri da yanayi suna da nasu kason. Injin da ba shi da tobo yana rasa kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a duk hawan mita 300. Jos tana kan tsayin kusan mita 1,200, don haka motar da ka saba da ita a Legas dole ta ɗan yi nauyi a can, ba don ta lalace ba. Haka ma tsakar ranar Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri, lokacin da zafi ya haura digiri 40: iska mai zafi ba ta da nauyi, injin kuma yana ja da iyakwandishan.

Lambar da ke kan agogon mota ma kada ka dogara da ita sosai. Motocin da suka fito daga Amurka da mil suke lissafi, mil ɗaya kuwa kilomita 1.6 ne, ka ga mil 150,000 ya haura kilomita 240,000. Sannan kowa ya san ana mayar da agogo baya kafin a kai mota kasuwa.

Awon da ya kamata ya riga komai

Akwai awon da ba ya cin awa ɗaya, amma shi ke raba gardama: awon matsin silinda. Ana bari inji ya yi zafi, a kashe, a cire dukkan fulogai, a cire fis ɗin famfon fetur don kada mai ya riƙa zuba. Sai a ɗaura geji a ramin fulogi na farko, mutum ɗaya ya danne totur har ƙasa ya murɗa makulli, inji ya juya sau biyar ko shida, allurar geji ta riƙa tsalle har ta tsaya. A rubuta lambar a takarda, a wuce silinda ta gaba. Lafiyayyen injin fetur yakan ba da tsakanin 140 zuwa 190 a ma'aunin psi, gwargwadon irinsa. Abin da ya fi lambar muhimmanci shi ne daidaito: bai kamata wata silinda ta gaza 'yan'uwanta da fiye da kashi 10 zuwa 15 cikin 100 ba.

Idan wata ta yi ƙasa, sai a zuba mata cokali ɗaya na baƙin mai ta ramin fulogi a sake aunawa. Lamba ta ɗaga sosai? Ringi ne ko jikin silinda, domin man ya toshe gibin na ɗan lokaci. Ba ta motsa ba? Bawul ne ba ya rufewa, ko gasket. Silinda biyu da ke maƙwabtaka suka yi ƙasa tare? Yawanci gasket ne ya ƙone a tsakaninsu. Ka riƙe wannan gwajin cokalin a ranka, domin shi ne asirin rabin kwalaben da ake sayarwa.

Hayaƙi ma yana magana. Baƙi, fetur ne ya yi yawa. Fari mai kauri da ba ya ɗaukewa bayan inji ya yi zafi, ruwan lagireto ne ke shiga silinda, kuma wannan babu kwalbar baƙin man da ta shafe shi. Shuɗi, baƙin mai ne ke ƙonewa. Idan shuɗin yana fitowa ne da safe kawai, ko bayan doguwar tsayuwa a go-sulo, sannan ya ɗauke, to robobin bawul ne suka bushe. Idan kuwa yana ƙaruwa duk lokacin da ka taka, a duba ringi.

Shan baƙin mai kuma a auna shi, kada a yi kirdado. Ka ajiye mota a wuri mai daidai, ka cika zuwa layin sama na sandar awo, ka rubuta kilomita, ka riƙa dubawa bayan kowace 500. A yawancin motoci, tsakanin layin sama da na ƙasa kusan lita ɗaya ce.

Kwalba mai kauri

Wannan ita ta fi yawa a shagunanmu: ƙaramin gwangwani ko kwalba, abin ciki yana zuba a hankali kamar zuma. STP, Lucas da Abro duk suna da irinta. Aikinta shi ne ta ƙara wa mai kauri. Mai ya yi kauri, ya cike gibin da ke tsakanin karanshaf da mital, wato ɓawon ƙarfen da yake juyawa a kai, fitilar baƙin man da ke ƙyaftawa a silo ta ɗauke, ƙarar kwankwasa ta ragu, hayaƙi ya yi sauƙi. Wannan ba ƙarya ba ne, ana ganinsa da ido, ana jinsa da kunne. Abin da cokalin baƙin mai ya yi a gwajin nan, shi take yi, sai dai nata yana daɗewa har zuwa juye na gaba.

Amma akwai abin da take karɓa. Baƙin mai na kirki ya riga ya zo da sinadaransa a ciki, sau da yawa kashi 15 zuwa 25 cikin 100 na abin da ke galan: masu wanke datti, masu hana tsatsa, masu hana kumfa, da sinadarin zink da ke kare ƙarfe daga gogayya. An auna su ne daidai da juna. Kwalba mai kauri galibi ba ta ɗauke da waɗannan da yawa, kuma wasu kamfanonin kan ce a zuba ta har kashi 20 cikin 100 na man inji. Ka ga an ƙara kauri, an tsarma kariya.

Sannan kauri ba ƙarfi ba ne. Inji yana kashe wani ɓangare na ƙarfinsa wajen tura mai da juyawa a cikinsa, mai kauri kuwa ya fi wuyar turawa. Da asubar hunturu a Kano ko Jos, man da aka ƙara wa kauri yana ɗaukar lokaci kafin ya hau kan inji, kuma a waɗannan daƙiƙun farko ne ƙarfe ya fi cin ƙarfe. Injunan da ke da tsarin VVT-i na Toyota ko i-VTEC na Honda sun fi shan wahala, domin da matsin baƙin mai suke juya kamshaf, ta wasu ƙananan hanyoyi da 'yar rariya mai laushi. Mai ya yi kauri fiye da kima, tsarin ya yi jinkiri, fitilar cek ta kama, motar da ake nema wa ƙarfi ta ƙara sanyi.

A ganina, wanda injinsa ke buƙatar ɗan kauri gara ya sayi man da aka yi shi da kaurin tun daga masana'anta. Lambar da ke jikin galan ita ke nuna kaurin: idan littafin mota ya ce 5W-30, a gwada 5W-40 ko 10W-40, mataki ɗaya, a ga yadda shan mai zai kasance. Tsalle daga 5W-20 zuwa 20W-50, sannan a ɗora kwalba a kai, shi ne abin da ake yi wa Camry da Accord da yawa a garuruwanmu, kuma ba taimakonsu ake yi ba. Tsofaffin injuna irin na Peugeot 504 da 505, ko Golf ta da, su kam an ƙera su ne da gibi mai faɗi, littafinsu ma ya yarda da mai kauri a ƙasa mai zafi. Kwalba mai kauri tana da gurbi ɗaya da na yarda da shi: injin da aka riga aka yanke shawarar saukewa, ana son ya kai ƙarshen wata.

Kwalbar da ta yi alƙawarin gyara ƙarfe

Nan ne alƙawari ya fi girma, nan ne kuma ya kamata a fi buɗe ido. Irinta kala-kala ce. Akwai mai ɗauke da garin ƙarfe mai laushi, kamar Engine Restore da ke cewa tana da jan ƙarfe, azurfa da dalma da za su cike kartar jikin silinda. Akwai mai sinadarin moli, baƙa wuluk, wadda kamfanin Liqui Moly na garin Ulm a Jamus ya yi suna da ita. Akwai mai garin seramik. Akwai kuma mai Teflon, wadda ta yi tashe a Amurka a shekarun 1980 da 1990.

Tarihin wannan kasuwa ya cancanci a san shi. Kamfanin DuPont, mai Teflon ɗin kansa, ya bayyana a 1980 cewa bai ga amfanin sinadarin a cikin man inji ba. A 1997, hukumar kula da kasuwanci ta tarayyar Amurka, FTC, ta sa masu Slick 50, wata kwalba mai Teflon, sun amince su daina tallan da ba su da hujjar kimiyya a kansa. Masu STP sun biya tarar dala 500,000 a 1978, suka sake biyan dala 888,000 a 1995, duka a kan abin da suka faɗa a talla. Masu wata kwalbar, Dura Lube, sun amince da biyan dala miliyan 2 a shekarar 2000. A yi adalci: waɗannan shari'o'in a kan da'awar talla aka yi su, ba a ce kayan suna kashe inji ba. Amma sun isa su nuna cewa abin da aka rubuta a jikin kwalba ba lallai an gwada shi ba.

Me za ka iya samu a zahiri? Moli sinadari ne na gaske da ke rage gogayya, har ma yawancin man zamani suna da wani nau'insa narkakke a ciki. Zai iya sa tsohon inji ya yi laushi ya rage ƙara. Masu garin ƙarfe kuma, akwai waɗanda ke auna matsi kafin da bayan zubawa su ga ya ɗan ɗaga. Sai dai kamfanin da kansa yana cewa a sake zubawa a kowane juye, wanda ke nuna abin yana fita tare da tsohon mai. Ringin da ya cinye bai dawo ba, silindar da ta faɗaɗa ba ta koma ba, bawul ɗin da ya ƙone yana nan a ƙone. Duk wani gari da ba ya narkewa kuma, dole ya bi ta filta da ƙananan hanyoyin nan na VVT, don haka ni ba zan zuba shi a injin da ke da wannan tsarin ba.

Masu ƙarin zink ma a yi hattara. Sinadarin zink ɗin tare da fosforos yake zuwa, kuma tun daga matakin ingancin mai na API SM aka taƙaita fosforos a man ƙananan motoci marar kauri zuwa kashi 800 cikin miliyan, saboda yana kashe katalis. Injin da ke ƙona mai, aka ƙara masa zink, katalis ɗinsa zai riga lokacinsa mutuwa.

Mai tausasa roba

Wannan aikinta ƙarami ne amma na gaskiya ne. Robobin bawul da sil na karanshaf suna bushewa su ƙanƙance da shekaru da zafi. Akwai sinadaran da ke tausasa su su ɗan kumbura. Su ne ake sakawa a man da aka rubuta wa na mota mai dogon zango, wanda kamfanoni ke ba da shawararsa daga mil 75,000, kusan kilomita 120,000. Ga hayaƙin safe da ɗigon da ke ɓata ƙasan gareji, yana iya taimakawa bayan 'yan ɗaruruwan kilomita. Robar da ta tsage kam sai canji. Kuma don Allah kada a bari wani ya zuba man birki a cikin inji da sunan kumbura sil: yana kumbura roba har ta ruɓe, ɗigo ya koma kwarara.

Kafin ma a kai ga wannan, a duba bawul ɗin PCV, ɗan ƙaramin abu da ke kan murfin inji, wanda ke fitar da tururin cikin inji. Idan ya toshe, matsi yana taruwa a ciki ya tura mai ta kowane sil. Kuɗinsa bai kai galan ɗin mai ba, cire shi kuma aikin minti kaɗan ne a yawancin motoci.

Wankin ciki

Idan akwai inda kwalba za ta iya dawo da ƙarfi na gaske, to nan ne, domin datti ana iya cire shi. Sau da yawa ringi bai cinye ba, maƙalewa ya yi. Kowane fistin yana da ringi uku: biyu na matsi, na ƙasa kuma na share mai daga jikin silinda ya mayar da shi ƙasa ta wasu 'yan ramuka a jikin fistin. Mai ya daɗe ba a juye ba, ko na jabu ne, ko inji ya sha zafi, sai ya ƙone a wurin ya zama baƙar kunkunniya mai tauri, ramukan su toshe, ringin ya manne a gidansa.

Wasu injunan da suka cika titunanmu an san su da wannan. Injin 1ZZ-FE mai lita 1.8 na Corolla, musamman na 1998 zuwa 2002, yana da ƙananan ramukan da ke saurin toshewa. Injin 2AZ-FE mai lita 2.4 na Camry 2007 zuwa 2009, wadda ake kira Muscle, da RAV4 na wannan zamanin, shan mansa ya kai har Toyota ta tsawaita garanti a Amurka tana canza fistin da ringi ga motar da ta sha kusan lita ɗaya a mil 1,200. Injin V6 na 1MZ-FE na ƙarshen shekarun 1990 da farkon 2000 kuma an san shi da tara daskararren datti idan aka yi sakaci da juye. Mai irin waɗannan motocin ya fi kowa dalilin gwada wanki kafin ya sauke inji, kuma ya fi kowa dalilin guje wa kwalba mai kauri, domin mai kauri ya fi wuyar bi ta ramin da ya riga ya ƙuntata.

Hanyoyin wankin ba ɗaya ba ne. Akwai kwalbar fulashin da ake zubawa a tsohon mai, a bar inji a silo minti 10 zuwa 15, a juye. Kafin a yi ta, a buɗe murfin baƙin mai a haska tocila, in da hali a cire murfin kan inji gaba ɗaya. Idan ƙarfen ciki launin ruwan zuma ne ko ja-ja, babu laifi. Idan kuwa baƙin datti ya daskare har ana kankararsa da sukudireba, kada a yi fulashin. Dattin zai ɓantale gunduwa-gunduwa ya sauka ƙasa ya toshe rariyar famfon mai, kuma injin da ke tafiya da rauni jiya zai buga yau. Irin wannan sai a sauke kwanon ƙasa a wanke shi da rariyar da hannu. Wanki da kalanzir ko gas, wanda har yanzu ake yi a wasu garejin, ya fi haɗari, domin yana tsinka mai har mital ya rasa kariya.

Hanyar da na fi natsuwa da ita ba ta da sauri: mai na asali mai kyau, filta mai kyau, a juye bayan kilomita 2,000 zuwa 3,000 har sau biyu ko uku. Sinadarin wankin da ke cikin man zai yi aikinsa sannu a hankali. Ga ringin da ya manne sosai, akwai jiƙon fistin: a cire fulogai, a zuba maganin narka kabon a kowace silinda, a bar shi ya kwana. Da safe wajibi ne a juya inji fulogai a cire don ruwan ya fice, domin ruwa ba ya matsuwa, zai iya lanƙwasa sandar fistin. Sannan a juye mai nan take. Wani lokaci yana ci, wani lokaci ba ya ci, amma kuɗinsa kaɗan ne idan aka kwatanta da sauke inji.

Sai kwalbar da ake zubawa a tankin fetur, wadda ba ta shafi baƙin mai ba ko kaɗan, amma ta fi duk na baya yiwuwar dawo da amsawar totur. A nemi mai sinadarin PEA, irin wanda ke cikin Techron na Chevron. Shi ne aka tabbatar yana wanke nozul da kabon ɗin bawul. Nozul ɗin da ya toshe sosai kuma gara a cire shi a wanke a na'ura, a ga feshinsa da ido.

Sabon ringi ko injin Belgium

Idan awo ya nuna matsi ya faɗi, wanki bai ɗaga shi ba, to an wuce batun kwalba. Saura biyu.

Sa ringi yana da fa'idar cewa injinka ne, ka san tarihinsa. Amma aikin ya dogara kacokan a kan hannun da ya yi shi. Abin da ke sa mutane cewa sun sa ringi bayan wata uku hayaƙi ya dawo shi ne ba a auna silinda ba. Silinda ba ta cinyewa daidai: sama ta fi ƙasa faɗaɗa, kuma takan tashi daga da'ira ta koma ƙwai-ƙwai. Sabon ringi a irin wannan ramin ba zai zauna ba. Ka tambayi bakaniken kai tsaye: Malam, da me za ka auna silindar? Za ka goge jikinta kafin ka sa ringin? Kana da sifanar da ke auna ƙarfin ɗauri? Idan amsar ita ce hannunsa ya saba, ka nemi wani. A wannan aikin ne ya kamata a buɗe ramukan fistin, a canza robobin bawul, a wasa bawul, a duba mital. Tsofaffin injuna masu bulo na baƙin ƙarfe ana iya ƙara wa silindarsu faɗi da milimita 0.25 ko 0.50 a sa fistin daidai da shi. Su 1ZZ da 2AZ kuwa bulonsu na alminiyom ne da siririn bango a ciki, Toyota ba ta tanadi a faɗaɗa su ba. Ga 2AZ na 2002 zuwa 2006, na Camry Big Daddy, akwai ƙarin matsala da aka sani: zaren ramin kusoshin kan inji yakan zame a cikin bulo, don haka a duba shi tun kafin a rufe. Ringi da gasket na jabu kuma sun cika kasuwa. Arha a nan ba riba ba ce.

Injin Belgium ya fi sauri, kuma idan aka dace, an samu injin da ba a taɓa buɗe shi ba tun daga masana'anta. Shi ne zaɓi idan bulo ya tsage, ko karanshaf ya lalace, ko injin ya taɓa bugawa, ko kuɗin kayan gyara ya kusa kuɗin wani injin. Haɗarinsa shi ne ba ka san inda ya fito ba, kuma idan irin injin nan ne mai ciwon gado, wanda za ka saya ma yana iya zuwa da shi. Ka je da bakanikenka. A cire murfin kan inji a ga cikinsa, a cire fulogai a duba ko akwai mai ko tsatsa a bakinsu, a juya karanshaf da sifana a ji ko yana juyawa sumul, a tabbatar lambar irin injin da wuraren sensa sun yi daidai da na motarka. A rubuta kwanakin garanti da lambar injin a rasit, a kuma auna matsinsa tun kwanakin ba su ƙare ba. Tun yana ƙasa a canza sil na gaba da na baya, famfon ruwa, da bel ɗin taimin idan mai bel ne.

Ko ringi aka sa ko inji aka canza, a mayar da tamostat, wato bawul ɗin da ke daidaita zafin ruwan inji. Al'adar cire shi da haɗa fanka kai tsaye tana hana inji kai zafin aikinsa, kusan digiri 85 zuwa 95, sai kwamfuta ta ci gaba da ba da fetur mai yawa, fetur ɗin ya wanke man jikin silinda ya tsinka na ƙasa. Idan mota tana zafi, lagireto ne, ko murfinsa, ko fanka, ko famfon ruwa. A gyara wanda ya lalace.

To wanne ya dace da wa?

Wanda motarsa ta yi nauyi amma ba ta shan mai, ba ta hayaƙi, bai da abin saya a layin kwalaben baƙin mai. A sa mata kwamfuta a karanta abin da ta adana, a canza matatar iska da fulogai, a wanke sensar iska da maganinta na musamman, a auna matsin famfon fetur, a duba katalis. Wanda matsinsa ke da kyau amma tana hayaƙin safe ko ɗigo, ya fara da PCV da man mota mai dogon zango, in bai yi ba a canza robobin bawul, wanda a injuna da yawa ana iya yi ba tare da an sauke kan inji ba. Wanda take shan mai sosai kuma cokalin mai ya ɗaga masa matsi, ya gwada gajeren juye da jiƙon fistin, ya auna shan man na kilomita 2,000 kafin ya yanke hukunci.

Direban haya da ke jigila tsakanin Kano da Abuja lissafinsa daban ne. Ya haɗa kuɗin litar man da yake ƙarawa a kowane sawu, da kuɗin kwalba a kowane juye, da fetur ɗin da rauni ke ƙara ci, da fulogan da mai ke kashewa, na wata shida. Sau da yawa zai tarar jimlar ta doshi kuɗin gyaran, ga kuma haɗarin inji ya buga masa a daji da fasinja. Wanda kuwa ke shirin sayar da motar, ya ji tsoron Allah kada ya zuba kwalba mai kauri don ɓoye hayaƙi da ƙara. Mai saye kuma ya zaro sandar awo ya murza man a yatsa biyu: idan yana jan zare yana danƙo, ya nemi a juye a zuba man da littafi ya faɗa, a bar motar ta kwana, a tayar da ita a gabansa da safe, sannan a ɗaura geji.